Harafin B a Ƙofar Lola Sinang

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba. Ni dai mai karanta na mutane ce, irin yaran nan da ake aika sayen madara su dawo da littafi a hammata, madarar kuwa sai wani ya koma. Ko a aji in malama ta kira sunana muryata maƙalewa take yi. Amma tagar ɗakina tana kallon garejin maƙwabtanmu, kuma abin da na gani ya hana ni karanta komai. Abin da ban gani ba, mai labarin ce ta faɗa wa mahaifiyata ta saman shinge. In na yi tuntuɓe a wani wuri ku tsallake, don labarin nata ne.

A duk faɗin garinmu Stockton, Lola Sinang (Lola, wato kaka a yarensu) ce kaɗai tsohuwar da take roƙon Allah kuɗin gwamnati su ƙare.

Lokacin kullen annoba ne gunduma ta fito da shirin kai wa tsofaffi abinci har ƙofa, safe da rana da yamma, daga gidajen abinci na gaske. Sharaɗi biyu aka gindaya: tsoho ya zama shi kaɗai yake zaune, kuma ba ya iya dafa wa kansa. Lola Sinang ba ta cika ko ɗaya ba. Tana zaune da ɗanta Berting da matarsa Nenita da yaransu biyu, a gidan da ita da marigayi mijinta suka saya, kuma ita ce mai kicin. In ta ɗora miyar kaza da zogale da citta, duk layinmu sai ya san yau Lola tana cikin nishaɗi.

Nenita ce ta gano dabarar. Aka fitar da mota, aka share gareji, aka shigar da gado da fanka da kujera. Berting ya sayo harafin B na ƙarfe ya kafa a ƙofar gefen garejin da 'yan ƙananan ƙusoshi, a matsayin lambar gida. Shi ke nan, gida ɗaya ya zama biyu, Lola Sinang ta zama mai zaman kanta.

Ranar gwaji an sha dariya. Nenita ta kara ayaba a kunne, wai ita ce matar gunduma da za ta bugo waya, ta maƙe murya ta tambayi Lola da wa take zaune.

"Da ku mana, 'yan banza. Da wa zan zauna?"

Yara suka faɗi ƙasa suna birgima. Aka sake. Lola ta gyara zama kamar 'yar wasan kwaikwayo, ta langaɓar da kai, ta ce ita kaɗai ce a duniya, ko kyanwa ba ta da ita. Aka tafa mata. Amma da aka zo tambayar ko tana iya girki, nan ta cije. Ta ce sai dai a canza tambayar. Wanda ya ci tuwon hannunta har ya yi tumbi, shi ne zai sa ta ce ba ta iya girki ba?

"Nanay, baki ne kawai," in ji Berting, don Nanay suke ce wa uwa. "Wata ɗaya ne fa. Ranar da aka daina kawo abincin nan, ranar kike komawa ɗakinki."

Ta sa shi ya maimaita a gaban ɗan mutum-mutumin Yesu Jariri da take ajiyewa a kan durowa, hannunsa a kan jar alkyabbarsa. Ya maimaita yana dariya. Washegari da matar gunduma ta bugo, Lola ta ce ba ta iyawa, har ta ƙara da ɗan tari wanda ba a koya mata ba. Tana ajiye wayar gidan ya kaure da shewa, ita ma ta yi ta dariya har da share hawaye.

Mai kawo abincin wani dattijo ne, Mang Doroy (Mang ɗin kamar Malam ne a wurinsu), mai ƙaramin gidan abinci da kulle ya kusa rufewa, shirin nan ya farfaɗo da shi. Da kansa yake tuƙo tsohuwar motarsa. Ƙa'idar aikin ita ce ya ajiye ledar a kan kujera, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya, kuma ba zai tafi ba sai ya ga fuskarta. Yakan tambayi lafiyar gimbiyar gida mai lamba B, ita kuwa ta ce masa jiya ma shinkafarsa ta caɓe, wa ya koya masa, maƙiyinsa? Ya ce ta zo ta koya masa mana. Sai ta tuna ita ba ta iya girki ba, ta kama bakinta da hannu biyu tana ƙyalƙyalewa.

Motar ba ta gama shan kwana ba za ka ji yara suna ihun abincin Lola ya iso. Har cacar baki suke yi tun da safe a kan ko yau gasasshen nama ne ko kifi. Nenita ta zo ta buɗe leda a kan gadon tsohuwar. Naman ya yi wa haƙoran Nanay tauri. Kifin ya yi gishiri, ga hawan jini. Kayan zaƙi kuwa likita ma ya hana. Na rana yana shiga jakar aikin Berting, don ai Nanay ba ta son ci da rana, zubarwa za a yi. Abin da ya rage, shinkafa da ganye da ɗan romo, shi ne nata. Ba ta damu ba. Ganin jikokinta suna lasar yatsa ya fi mata naman, kuma wata ɗaya ai kamar gobe ne.

Abin da ya dame ta kicin ne. Nenita ta ce idan Mang Doroy ya hango ta gaban murhu, ko ya ji ƙamshin hannunta, magana ta kai gunduma, Berting ne zai kwana a hannun hukuma. Don haka ake saka sakata a ƙofar baya lokacin kawo abinci. Daga baya ana mantawa a zare. Ta yi ta ƙwanƙwasawa in za ta zagaya, talabijin na ta ruri a ciki. Berting ya ce abin bai dace ba, uwa guda tana tsaye a waje. Ya je ya sayo mata kujera mai fo a ƙasa.

Da watan ya zo ƙarewa, Lola ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta shirya kayanta tsaf. Ta yi wanka a baho, ta shafa hoda. Sai ga Mang Doroy ya fito daga mota yana taka rawa da leda a kowane hannu, ƙugu na karkacewa. An ƙara wata guda. A cikin gida ma aka ɗauki shewa, Nenita har da buga murfin tukunya. Lola ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushin dole, a ranta tana auna tazarar da ke tsakanin silifas ɗinta da sanƙon Mang Doroy.

Haka abin ya zama al'ada. Duk ƙarshen wata a ce kuɗin sun ƙare, Lola ta shirya akwati, sai a ce an samo wasu daga wani aljihun gwamnati, ta kwance. Daga baya ta daina kwancewa, ta riƙa zaro riga ta sama tana mayarwa. Ta fara kunna kyandir a gaban Yesu Jariri. Addu'arta ba ta da kwana-kwana. Ta ce masa ba ta roƙon kowa ya mutu da yunwa, Allah ya kiyaye, amma shi da ya san inda kuɗin nan suke ɓulɓulowa, ya ɗan taka bututun da ƙafarsa. Ta yi masa alkawarin sabuwar alkyabba mai zare na zinariya.

Zafi ya shigo. Wanda ya san garinmu ya san abin da rana take yi wa rufin gareji. Fanka ta koma hura wuta. Lola takan jiƙa tawul ta ɗora a ka ta zauna a ƙasan siminti, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya daina shiga. Berting ya leƙo ya ce lallai za a saka na'urar sanyi, bari dai a ga ko za a ƙara watan, kada a kashe kuɗi a banza. Aka ƙara watan. Ya ce to ai sanyi ya kusa.

Wata rana Mang Doroy ya zo da takardar koke, yana bi gida-gida tsofaffi suna sa hannu kada a rufe shirin. Ya miƙa mata biro da fara'arsa. Ta ce hannunta yana ciwo. Ya ce ta yi da hagu. Ta ce na hagun ne ma ya fara. Ya ce to ta dangwala yatsa, zai rubuta sunan.

"Doroy, ka bar gwamnati ta huta mana. Ita ba ta da 'ya'ya ne?"

"Haba gimbiya, in an rufe wa zai dafa miki?"

Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta danne ta da tarin nan nata na waya. Ya tafi yana girgiza kai, ya ce tsufa dai ba shi da kirki.

Sanyi ya zo ya wuce ta ƙarƙashin ƙofar gareji, inda ta cusa tsofaffin jaridu. Bishiyar zogalenta da ke jikin tagar kicin ta zubar da ganye, ta tsaya tsirara, sannan ta sake tohowa. Lola takan tsaya daga ƙofarta tana yi mata magana, wai su biyun an hana su aiki. Da safe takan zauna tana murza yatsunta a kan cinya kamar mai zage ganye daga kara, don kada hannun ya manta.

Sai addu'a ta fara ci. Aka ce an soke abincin safe. Lola ta ji labarin daga bakin Mang Doroy, fuskarsa a murtuke, ta yi masa jaje da kyau, ta rufe ƙofa, ta kama ƙarfen gado ta yi 'yar rawa da kumburarrun ƙafafunta. Aka soke na yamma, ta ƙara kyandir. Aka koma kawowa wasu ranaku kawai, ta fara ɗinka alkyabbar. Rabon mutanen cikin gida bai ragu ba, don yara sun saba, Berting kuma yana aiki. Nata ne ya ragu. Ranakun da babu mota, Nenita takan aiko da biredi da shayi in ta tuna, ta ce ai Nanay ba ta da ci yanzu. Rigar Lola ta fara zamewa daga kafaɗa, ta kama ta da fil. Da mahaifiyata ta miƙa mata kwano ta saman shinge, ta karɓa ta cinye a tsaye, tana raɗa mata cewa ta kwantar da hankalinta, an kusa. Idonta har ƙyalli yake yi. Ta ce ranar farko kaza biyu za ta yanka, duk layin nan sai ya sha romo.

Ranar ƙarshe ta faɗo Asabar. An riga an buɗe gari, Nenita ta gayyaci maƙwabta walima, don Mang Doroy ya ce zai yi wa kowane tsohonsa babban faranti na bankwana. Ni da mahaifiyata muna cikin waɗanda aka gayyata. An jona injin waƙa tun da hantsi, irin wanda baƙi suke karɓar makirufo bi da bi su rera.

Mang Doroy ya ƙwanƙwasa ƙofar B, ya ja da baya bisa sabo. Lola ta fito cikin rigar cocinta, da jan baki, da ɗan kunne. Ya ga kwalliyar ya ɗauka don shi aka yi, sai ya fashe da kuka. Ita ce ta koma lallashinsa, tana bubbuga masa kafaɗa tana cije leɓe. Ta ce ya zo gobe da kwano, zai ga yadda ake dafa kaza. Ya ce to, irin amsar da ake ba mara lafiya, ya shiga mota. Nenita ta zo ta ɗauke farantin.

Lola ta ɗauko cokali ta zura bayansa ƙarƙashin harafin B. Ƙusoshin ƙanana ne, ba su yi gardama ba. Ta ratsa tsakar gida ta karyo zogale cike da hannu, ta jawo akwatinta ta zagaya ta gaba, ta danna ƙararrawa kamar baƙuwa. Da aka buɗe ta shigo tana rangaji, zogale a hammata, ta ajiye harafin a tsakiyar tebur kusa da farantin nama.

"Ga kayanku. Mai gida ta dawo daga tafiya."

Falo ya ɗauki tafi. Baƙi sun ɗauka wasa ne aka shirya. Wani ya miƙa mata makirufo, ta ture, ta wuce kicin kai tsaye. Muna jin ta tana faɗa da tukwane. Wa ya kankare mata kasko da ƙarfe? Ina wuƙarta mai baƙin ƙota? Wannan citta ce ko tsohon takalmi? Faɗa take yi, muryarta kuwa kamar mai waƙa. Ta tara ruwa a babbar tukunya ta ɗora, ta kunna wuta, ta tsaya tana kallon harshen wutar kamar ta ga ɗan'uwa. Sannan ta ce bari ta ajiye akwati.

Ɗakinta babu gado. Keken motsa jiki ne a tsakiya, da kwalayen kayan kwalliyar da Nenita take sayarwa ta waya har rufi, da wata fitila mai zobe a kan sanda. Lola ta duba, ta ce ba komai, ita ba ta da faɗi, a matsar da kwali biyu a shimfiɗa mata katifa. Keken ma ta ce a bar shi, za ta riƙa shanya tawul.

Berting ya biyo ta ya turo ƙofa, amma ba ta rufu ba saboda akwatin. Ina tsaye a lungun da ake jiran banɗaki. Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce da aka rufe shirin, an mayar da sunayen tsofaffi layin jira na cibiyar tsofaffi, masu kawo abincin firji duk mako. Waɗanda suke zaune su kaɗai su ake fara ɗauka. Kuma waɗannan ba waya suke bugowa ba, zuwa suke yi su gani da idonsu, ba sa faɗin rana.

Ta tambaye shi yaushe sunan zai fito. Ya ce ba su faɗa ba, layin da tsawo, wasu tun bara suke ciki. Ta tambaye shi kafin nan wa zai kawo abinci. Ya ce ai ga su, ko an taɓa barin ta da yunwa?

"Berting, ka ɗora hannu a kan alkyabbarsa."

"Na ɗora, Nanay. Ai ba a daina ba, dakatawa aka yi. Ki ƙara haƙuri kaɗan. In muka janye yanzu, sai su ce dā can ma ƙarya muka yi. Kina so a kama ni?"

Nenita ta leƙo da fara'arta ta walima, ta ce gaskiya garejin ma ya fi wa Nanay, babu hayaniyar yara, babu matakala, ga iska. Ta ce wa ya bar wuta a kunne, ta je ta kashe.

Lola ba ta yi kuka ba. Murmushin da ta shigo da shi bai san an gama da shi ba, ya zauna a fuskarta. Berting ya ɗauki akwatin da hannu ɗaya, ya ɗauki harafin daga tebur da ɗayan, ya ce wa baƙi Nanay ta gaji, za ta ɗan kishingiɗa. Aka ce Allah ya ƙara lafiya. Wani ya karɓi makirufo.

Na bi su daga nesa, ban san dalili ba. Berting ya ɗauko guduma da ƙusoshi, wannan karon dogaye. Ya rasa inda zai ajiye su, sai ya ga uwarsa ta buɗe tafin hannunta. Ya zuba mata. Tana tsaye cikin rigar coci tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take miƙa masa komai tun yana yaro. Da ya buga ta farko ta ɗan ja da baya ta karkata kai.

"Ya karkace. Ɗaga ta dama."

Ya ɗaga, ya buga sauran, ya sumbaci goshinta, ya koma ciki da sauri don an kira waƙarsa.

Na karanta littattafai da yawa da mugaye a ciki, duk ana gane su tun shafin farko. Berting ba ya duka, ba ya zagi, duk Lahadi yana coci, in ka tambaye shi zai ce maka ya samar wa uwarsa abincin gidan abinci kyauta a lokacin da mutane suke mutuwa. Gunduma ta rufe shirinta cikin tsari, an gode wa kowa, an ce babu tsohon da aka bari a baya. Mang Doroy zai ci gaba da tuna gimbiyar da ba ta iya girki. Babu wanda zai zo ya tambayi ɗakin wa keken nan yake ciki.

Ƙofar garejin ba ta rufu sosai ba. Na ga Lola ta zauna a bakin gado, akwatin a gabanta ba ta buɗe ba. Ta ɗauko sabuwar alkyabbar mai zaren zinariya ta ɗaura wa Yesu Jariri, ta gyara masa wuya, don ita ta cika nata alkawarin. Ta ƙyasta ashana, ta riƙe ta a kan kyandir, ba ta kunna ba.

"To yanzu me zan roƙa?" ta tambaye shi. "In sunan ya fito, ina nan. In bai fito ba, ina nan."

Ashanar ta ci har kusa da yatsanta, ta hure.

Na koma ta kicin don in ɗauki littafina da na bari a can. An ture zogalen gefen wurin wanke-wanke, an ɗora robar ƙanƙara a kansa. A falo Berting ya kai wurin da ake jan murya, kowa yana taya shi, mahaifiyata tana neman inda za ta ajiye kofinta ta tafa. Na rungume littafin, na bi jikin bango, na zare sakatar ƙofar baya a hankali na bar ta a zare, na fice kafin a gama waƙar.